Gyaran ƙarshe ga safar hannu mai inji, kafin mara lafiya ya saka ta

Ɗalibin da safar hannunsa mai inji ta kai matakin dunƙule yatsu da buɗe su a kan teburi ya yi ƙoƙari, amma da sauran aiki a gabansa. A kan teburi hannun roba ake saka mata, ko hannun mai aikin, wanda lafiyarsa lau kuma yana taya injin motsi bai ma sani ba. Hannun da aka ƙera ta dominsa daban ne. Ko dai ya saki babu ƙarfi, ko ya sanƙare a dunƙule, sau da yawa kuma fatarsa ba ta jin zafi yadda za ta yi wa mai ita gargaɗi. Makonnin ƙarshe kafin ranar kare aiki a gaban malamai na wannan hannun ne. Shawarata ita ce a daina ƙari: kada a sa Bluetooth, kada a sa allon kallo, kada a ƙara inji don ƙaramin yatsa. A koma kan zare, gogayya, nauyi, wuta da hanyar kuɓuta.

Irin na'urar da nake magana a kanta ita ce wadda ɗalibai suka fi haɗawa: safar hannu ta yadi, zaren fatsa da ke bin yatsu a madadin jijiya, bututun da zaren ke ratsawa, injin servo (ƙaramin injin da ke juyawa zuwa kusurwar da aka umarce shi) irin MG996R, allon Arduino Nano mai ba injin umarni, da batir 18650 guda biyu.

Wane hannu za ta taimaka?

Wannan tambayar tun farkon aiki ya kamata a amsa ta, amma ko yanzu a sake duba ta, domin a nan aiki da yawa ke karkacewa. Mai shanyewar ɓarin jiki, bayan 'yan watanni, yawanci hannunsa a dunƙule yake zama, saboda naman da ke lanƙwasa yatsu ya sanƙare ya rinjayi mai miƙe su. Buɗewa ce matsalarsa. Mai rauni a laka ta wajen wuya, a matakin da likitoci ke kira C6, yana iya ɗaga wuyan hannunsa baya amma yatsun ba sa jin umarni. Idan ya ɗaga, sukan ɗan lanƙwashe da kansu saboda jijiyoyin sun ja, sai dai riƙon ba ƙarfi. Shi riƙo yake nema. Na farko zaren da inji ke ja a bayan yatsu yake buƙatarsa, na biyu a cikin tafi. Safar da ke ƙara matse hannun da dama a matse yake ba ta amfani kowa ba.

Naman da ya sanƙare yana da wata ɗabi'a: gwargwadon saurin da aka ja shi, gwargwadon yadda yake turjewa. Don haka buɗewa a hankali ake yinta, cikin daƙiƙa 3 zuwa 4. Likitocin fisiyo suna auna wannan sanƙarewa da ma'aunin Ashworth da aka gyara, daga 0 zuwa 4. Hannun da ya kai 3 ko 4, a ganina, ya fi ƙarfin safar yadi ta haɗin gida, kuma likitan ne zai yanke wannan hukunci, ba ɗalibin injiniya ba.

Hanyar zare

A nan zan daɗe, domin rabin ƙarfin injin a nan yake salwanta.

Idan aka ɗaure zare a kan yatsa aka ja shi daga tafi babu abin da ya riƙe shi a jikin yatsan, zai ɗago ya miƙe kamar tsarkiyar baka. Yatsan zai lanƙwashe daga gaɓa ɗaya kawai, zaren kuma ya tsaya a tsakiyar tafi, daidai inda kofi zai shiga. Jikin ɗan Adam ya magance wannan da zobba guda biyar masu riƙe jijiya a jikin ƙashi, waɗanda ake kira A1 zuwa A5. A cikinsu A2 da A4 ne ginshiƙai: ɗaya a kan ƙashin yatsa na kusa da tafi, ɗaya a kan na tsakiya. Su za a kwaikwaya. Kowane yatsa a yi masa zobe biyu da ƙyallen da ba ya talewa, ko fata mara kauri, faɗin milimita 8 zuwa 10, a tsakiyar ƙashi. Kada zobe ya hau kan layin gaɓa, domin zai naɗe ya cije fata. A cikin kowane zobe a ɗinke guntun bututun PTFE (wata roba mai santsi sosai) mai tsawon milimita 6 zuwa 8, zaren ya bi ta ciki. Wannan ɗinkin a kai wa baduku ko telan jaka. Sun fi ɗalibi sanin yadda ake ɗinke abin da za a riƙa ja kullum.

A kan yatsa kuwa kada a yi ƙulli ɗaya a tsakiyar tsoka. A yi ɗan hula da ya rufe kan yatsan, zaren ya hau ta gefe ɗaya, ya zagaya ta bayan farce, ya sauko ta ɗaya gefen. Haka nauyin ke bazuwa, kuma yatsan ba ya karkata gefe.

Sai zamewa. Idan zare ya ja kan yatsa zuwa wuyan hannu, bututun da zaren ke ciki shi kuma yana tura mazauninsa zuwa wajen yatsu da ƙarfi daidai da wancan. In mazaunin a kan yadi mai talewa aka ɗinke shi, safar ce za ta tattare, yatsa na nan inda yake. Gane wannan ba wuya. A sa alamar biro a kan zaren daidai bakin bututu, a sa wata a kan fata daidai gefen safar, a kunna injin. Duk milimitar da safar ta matsa daga alamarta, asara ce. In ta wuce milimita 3 zuwa 4, a gyara. Maganin shi ne faranti mai tauri a gindin tafi ko a bayan hannu, wanda bututun zai toƙare a jikinsa, a haɗa shi da maɗauri mai faɗin santimita 4 zuwa 5 a wuyan hannu. Gindin tafi ya fi wuyan hannu faɗi, saboda haka maɗaurin zai tsaya a nan ba sai an tamke shi ba. Ƙashin nan da ya ɗago a wuyan hannu ta ɓangaren ƙaramin yatsa, a zagaye shi da soso, a bar masa rami a tsakiya.

Bututun kuma ya tsallake wuyan hannu kafin zaren ya fito fili. In zaren ya ratsa wuyan hannu tsirara ta ɓangaren tafi, zai lanƙwasa shi ƙasa duk lokacin da injin ya ja, riƙo kuwa a haka yake raunana. Riƙo ya fi ƙarfi idan wuyan hannu ya ɗaga baya da digiri 20 zuwa 30, kuma a wannan kusurwar ake yin madogarar da za ta riƙe wuyan hannun. Mai raunin C6 kaɗai za a yi wa hattara: motsin wuyan hannun nan shi ne abin da ya rage masa, kada a kulle shi sai da yardarsa da ta likitansa.

Gogayya a cikin bututu ba tsawon bututun ke kawo mafi yawanta ba, jimillar lanƙwasar da ya yi ce. Lissafin sananne ne: ƙarfin da ake buƙata yana ninkuwa da e (lamba ce, kimanin 2.72) mai ƙarfin μθ, inda μ ke nufin santsin abin da zaren ke gogawa, θ kuma jimillar kusurwa da awon radiyan (digiri 180 shi ne 3.14). A ɗauki lanƙwasar da ta taru ta kai digiri 180. In μ ya kasance 0.1, kamar zare mai santsi a cikin PTFE, ɗaga kilo 1 zai nemi jan kilo 1.4. In μ ya kai 0.3, kamar zaren da ke gogar robar da aka buga da firintar 3D, kilo 2.6 zai nema. Ba sai an yi ta lissafi ba ma. A samo sikelin rataye na lantarki, a ɗaura nauyin kilo 1 a ƙarshen zaren, a lanƙwasa bututun yadda zai zauna a jiki, a ja da sikelin a karanta. In ya wuce kilo 1.5, a nemo inda yake cijewa. Yawanci bakin bututu ne da aka yanka da almakashi ya matse. Da reza ake yanka shi, sannan a ɗan buɗa bakin da tsinin biro.

Wannan lissafin ne ke nuna inda ya dace inji ya zauna. In aka kai shi ƙugu, bututun zai bi kafaɗa da gwiwar hannu, lanƙwasar ta yi yawa, kuma tana canzawa duk lokacin da mutum ya motsa. In aka tara komai a damtse, nauyi ya yi wa hannun yawa, alhali kafaɗar mai shanyewar jiki kan yi rauni har ƙashin ya ɗan zame daga mazauninsa. Na fi son a raba: injin, wanda giram 55 ne, ya zauna a damtse kusa da wuyan hannu, batir da allo su koma jakar ƙugu, waya kaɗai ta haɗa su. Masu bincike sukan sa iyakar rabin kilo ga abin da zai hau hannu. Ga hannun da ya raunana, a yi ƙoƙarin tsayawa ƙasa da rabin haka.

Zaren kansa ya zama saƙaƙƙen zaren fatsa na PE, mai lambar fam 50 zuwa 80, kaurinsa kimanin milimita 0.4. Zaren nailan mai sili ɗaya yana talewa, kuma talewar daga tafiyar injin take ci. Saƙaƙƙen yana da aibu biyu. Santsinsa yana sa ƙulli ya warware, gam kuma ba ya kama shi sosai. Gara a naɗa shi sau uku a jikin noti a danne da ɗan faifan ƙarfen da ake sa wa noti. Sannan yana yanka roba a hankali har ya yi mata gurbi, don haka duk inda zai juya a sa masa PTFE ko idon ƙarfe irin na takalmi. Kada a zuba man giris a bututu. Ƙurar hunturu za ta manne masa ta zama abin goge zaren. A ƙarshen bututun ta wajen inji a sa notin daidaitawa irin na birkin keke, domin bayan an ja zaren sau ɗari ko makamancin haka zai ɗan saki, kuma ba kowace rana za a kwance akwatin injin ba.

Kwarkwaro da ƙarfin riƙo

Kafin a zana kwarkwaron da zai naɗe zaren, a auna tafiyar da ake buƙata. A saka safar, a ja zaren da hannu daga buɗe zuwa riƙon kwalba, a auna da rula. A hannun babban mutum yawanci za a samu wajen santimita 3 zuwa 4. Servo rabin zagaye yake yi, wasu ma ba sa cikawa, saboda haka zaren da zai naɗe shi ne 3.14 sau rabin faɗin kwarkwaron. Kwarkwaro mai milimita 10 daga tsakiya zuwa gefe zai naɗe milimita 31. A kan wannan, MG996R, wanda takardarsa ta ce yana kaiwa kimanin kilo 10 a santimita ɗaya, zai ja da kilo 10 a daidai lokacin da ya cije ya tsaya. Ba a aiki da wannan adadin. A lissafa da kashi ɗaya cikin uku zuwa rabinsa. Ƙara faɗin kwarkwaro yana ƙara tafiya ya rage ƙarfi, don haka kada ya wuce abin da awon ya nuna. A ɗaure shi da noti a kan hannun servo na ƙarfe mai haƙora 25. Haƙoran da aka buga da roba ba sa daɗewa suke cinyewa. A yi masa murfi da tazarar da ta gaza kaurin zaren, domin ranar da zaren ya saki zai tsallake gurbinsa ya sarƙe.

Abin da ke ba ɗalibai mamaki shi ne ƙanƙantar ƙarfin da ke isa kan yatsa. Zaren yana tafiya kimanin santimita 1 daga tsakiyar gaɓa, yatsan kuma tsawonsa santimita 8 zuwa 9 ne. Kenan abin da ke fita a kan yatsa bai wuce kashi ɗaya cikin takwas ko goma na jan zaren ba: jan kilo 4 ya koma kusan rabin kilo. Yanzu a ɗauki robar ruwa mai santilita 50, wato rabin kilo. Tsakanin yatsu da babban yatsa, matsin da ake buƙata shi ne nauyin a raba da 2μ. Yadi mai santsi, a ce μ ɗinsa 0.3, yana neman matsin giram 830. Roba mai kamawa, a ce 0.8, giram 310 ya ishe ta. Wanda safarsa ke sakin kwalba, kafin ya sayi babban inji, ya fara ɗinka guntun tayar ciki ta keke ko robar yatsa ta masu ƙirga kuɗi a kan yatsun da tsakiyar tafi.

Inji ɗaya ya isa yatsu biyu, manuni da na tsakiya, amma kada a ɗaure zarensu kai tsaye a kwarkwaro ɗaya. Wanda ya fara taɓa kofi zai tsayar da injin, ɗayan ya rage a sama. A sa ɗan sanda mai tsawon milimita 25 zuwa 30: zaren inji ya kama tsakiyarsa, zaren yatsun biyu su kama bakinsa biyu. Idan ɗaya ya tsaya sandan zai karkata, ɗayan ya ci gaba har ya taɓa.

Babban yatsa ba sai an ba shi inji ba. Safar Exo-Glove da ɗakin binciken Farfesa Kyu-Jin Cho ya ƙera a Jami'ar Ƙasa ta Seoul, a Koriya ta Kudu, yatsu biyun nan take ja, babban yatsa kuma maɗauri ne ke riƙe shi a fuskantar su. A yi maɗaurin ya zama mai mazauni biyu: ɗaya ya kawo babban yatsa gaban kan manuni don kofi da kwalba, ɗaya ya kwantar da shi a gefen manuni don cokali, makulli da biro. Milimita biyar a nan tana raba riƙo da zamewa, don haka a hannun mai ita ake daidaita shi.

Ga hannun da ya saki, igiyar roba a bayan yatsu ta isa ta buɗe su. A zaɓi mafi raunin da zai yi aikin, domin duk ƙarfinta daga riƙo ake cire shi. Ko da roba ko da inji ake buɗewa, a sa abin tsayarwa mai tauri yadda yatsa ba zai wuce miƙewa ya koma baya ba.

Wuta

In Arduino yana sake tashi da kansa daidai lokacin da yatsu suka kama abu, kod, wato umarnin da aka rubuta masa, ba shi da laifi. MG996R kan ja har amp 2.5 idan ya cije, ƙafar 5V ta Nano kuwa ba ta kusa da haka. Batir biyu a jere suna ba da volt 7.4, cike kuma 8.4, wanda ya wuce abin da aka tsara wa injin. A sa na'urar rage wuta mai ɗaukar amp 3 zuwa 5, a saita ta a volt 6 don injin kaɗai, a sa kafasita mai mikrofarad 470 zuwa 1000 kusa da shi, a haɗa wayar ƙasa (GND) ta injin da ta allon wuri ɗaya. Batiran su sami allon kariya na jeri biyu da fis. Allon caji na TP4056 na batir ɗaya ne, ba ya cajin biyu a jere. Duk 18650 da aka rubuta wa 9900 mAh ƙarya ce, na gaske ba sa wuce wajen 3500. Fawa-bank kuma yakan kashe kansa idan abin da ake ja ya yi ƙasa, wato daidai lokacin da safar ke jiran umarni. Wayoyin gwaji masu cusawa duk a cire su, a yi soda, a rufe da robar zafi, a ɗaure kowace waya a jikin akwati yadda in an fizge ta ba sodar za ta ɗauki jan ba.

Umarni da hanyar kuɓuta

Na'urar sauraren motsin nama ta fata, wadda ake ba safar umarni da ita, tana burge masu ba da maki, amma zufa tana ɓamɓare mannenta, wutar gida mai zagaye 50 tana shiga siginarta, kuma naman mai shanyewar jiki yakan ɗaure gaba ɗaya idan ya yi yunƙuri. Wanda ya riga ya gina aikinsa a kanta ya sa iyaka biyu, ta kunnawa a sama, ta sakewa a ƙasa, don kada yatsu su riƙa karkarwa a tsakani, ya kuma sake saita su duk lokacin da aka saka. Kada a taɓa manna ta a jikin mutum alhali na'urar tana caji, ko tana haɗe da kwamfutar da ke jone da wutar gida ko janareta. Ko da ita, a sa babban madanni ɗaya da za a iya dannawa da ɗaya hannun, ko gwiwar hannu, ko haɓa. Shi ne zai yi aiki ranar da sauran suka ƙi.

A cikin kod, abubuwa kaɗan ne amma kowanne yana kare yatsa. Servo yana zabura zuwa tsakiya, digiri 90, da zarar an kira umarnin attach mai haɗa shi da allon, sai dai in an riga an rubuta masa matsayi. A rubuta matsayin buɗe kafin a kira shi. Kada a tura injin daga farko zuwa ƙarshe da umarni ɗaya, a riƙa ƙara digiri 1 duk milisakan 15, rufewa ta ɗauki kusan daƙiƙa 3. A sa INA219 a layin injin don auna wutar da yake ja. A rubuta abin da yake ja babu kaya, da abin da yake ja yana riƙe da kwalba, a sa iyaka kaɗan sama da na biyun, a yi watsi da milisakan 200 na farko domin tashin inji kan ja wuta da yawa. Da ya kai iyakar ya tsaya, ya ja baya da digiri 3 zuwa 5. Wannan ɗan ja da bayan yana rage zafin injin da gurnaninsa ba tare da abin ya faɗi ba. In batir ya sauka wajen volt 6.6, na'urar ta yi ƙara, ta buɗe, ta ƙi sake rufewa. Kada a sa ta saki da kanta bayan wani lokaci babu gargaɗi, wataƙila kofin shayi mai zafi ne a hannun.

Bayan duk wannan, dole a sami hanyar sakin yatsu wadda ba ruwanta da wuta ko kod. A raba zaren tsakanin kwarkwaro da sandan rabawa da ƙugiya ko fil mai babban zobe ja, wanda za a iya fizgewa da hannu ɗaya ko da haƙori. Wanda ya yi amfani da inji mai giya irin ta tsutsa, wadda ke kulle kanta idan wuta ta ɗauke, shi ya fi kowa buƙatar wannan.

Roba, fata da alwala

PLA, robar da ake bugawa da firintar 3D, tana fara laushi a wajen digiri 60. Wannan yana da amfani: farantin tafi a buga shi a shimfiɗe, a tsoma a ruwan zafi, a bari ya ɗan huce, a lanƙwasa shi a kan hannun da aka sa wa safa. Amma motar da aka rufe a rana a watan Afrilu a Kano ko Maiduguri tana iya yi masa irin wannan aikin, haka ma injin da ya yi zafi. Mazaunin inji da kwarkwaro a yi su da PETG, wadda ke jurewa zuwa wajen digiri 80, bango huɗu, a kwantar da su yadda jan zare zai bi tsawon layukan bugu maimakon ya raba su. Ruwan kulle noti yana fasa wasu robobi, a yi amfani da noti mai zoben nailan.

Fata ita ce abin da ya fi damuna. Sakawar farko kada ta wuce minti 15, a cire a duba. Ƙa'idar masu haɗa madogaran gaɓoɓi ita ce jan da bai baje ba bayan minti 20 zuwa 30 alamar matsi ne da ya yi yawa. A baƙar fata jan ba ya fitowa sosai, don haka a nemi wurin da ya ƙara duhu, ko yake sheƙi, ko ya fi kewayensa ɗumi ko tauri, a kwatanta da ɗaya hannun. A danna farce har ya yi fari a saki. Launinsa ya dawo cikin kimanin daƙiƙa 2, in ya jinkirta zobe ya matse. Duk ɗinki ya koma waje, duk gefen roba a goge shi da sanfefa har yatsa ya bi bai ji kaifi ba.

Hannun da ke dunƙule ba ya shiga safar da aka rufe. A farke ta ta ɓangaren tafi, kowane zobe ya zama mai naɗewa da Velcro, da ɗan madauki a bakinsa don ja. A gwada sakawa da cirewa da hannu ɗaya ana duba agogo. Mai alwala sau biyar a rana, idan sakawa tana cin minti biyar kuma sai an kira wani, kwana kaɗan safar za ta koma cikin durowa. Hannun dama kuma shi ke cin tuwo da miya, don haka ɓangaren yadi ya zama mai rabuwa da inji don wanki, a ɗinka guda biyu.

Gwaji

Sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma gwajin farko ba a jikin mara lafiya ake yinsa ba. A saka safar a hannun roba ko na katako mai gaɓoɓi, a ba ta kwalba, a sa kod ya rufe ya buɗe duk daƙiƙa 6. Zagaye 1000 minti 100 ne. A tsaya duk bayan 250, a taɓa injin, a duba zaren a bakin kowane bututu ko ya fara gashi, a auna yadda ya saki, a duba noti. Abin da ya lalace a nan shi ne ainihin jerin gyaran ƙarshe.

Gwaji da mara lafiya yana buƙatar izinin kwamitin ɗa'ar bincike na asibiti ko jami'a, da yardar mutumin bayan an yi masa bayani da harshen da yake ji, da likitan fisiyo a wurin. Masu haɗa madogaran gaɓoɓi, irin na Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, kallo ɗaya za su yi wa safar su nuna inda za ta ci fata. Don samun adadin da za a iya kwatantawa akwai gwajin akwati da 'yan katako: katako 150 masu santimita 2.5 kowane gefe, a ƙirga nawa mutum ya tsallakar zuwa ɗaya ɓangaren cikin daƙiƙa 60. A yi shi da safa da kuma babu safa. Mai yiwuwa a ga safar ta rage wa mai ɗan sauran ƙarfi sauri, ta kuma ba wanda ba ya ɗaga ko ɗaya damar ɗaga 'yan kaɗan. A rubuta duka biyun yadda suka fito. A ƙara da kayan gida, kofi, cokali, buta da ruwa rabi, waya, burushin haƙori, a rubuta wanda ya riƙu, daƙiƙa nawa, da yadda ya kuɓuce in ya kuɓuce.

In za a bar wa mutumin safar ya tafi da ita gida, a haɗa masa da zaren canji da aka riga aka yanka, igiyar roba, fis da makullin notin daidaitawa. A cikin murfin akwatin a manna takarda mai ɗauke da tsawon kowane zare, zanen hanyar da yake bi, irin cajar da ta dace, da tsawon lokacin da likita ya amince a riƙa sakawa a rana.